Tsare Kafaɗar Ƙarfe Daga Ƙwayoyin Cuta: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yarima a Safana, don su karanta wa dagatai da masu unguwa.

A ƙasashen nan biyu karayar kafaɗa ba baƙuwa ba ce. Wani babur ya kayar da shi, wani ya faɗo daga itace, wani kuwa harsashin ɓarayin dajin Rugu ya same shi. Galibi ɗori ya wadatar. Amma in kan ƙashin ya ragargaje, likita yakan cire shi ya sa na ƙarfe a madadinsa. Mai irin wannan rauni akan tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Babban Haɗarin Aikin

Wani likitan Faransa, Péan, shi ya fara sauya wa mutum gaɓar kafaɗa, a 1893. Bayan shekara biyu tilas aka cire ta, domin ruɓa ta shiga. Ga dalili. Jini ne ke kai magani ko'ina cikin jiki, ƙarfe kuwa ba shi da jini. In ƙwayoyin cuta suka sauka a kansa sai su lulluɓe kansu da yauƙi, magani ya kasa ratsa su. Sau da yawa sai an sake yanka an fid da ƙarfen, an bi da allurai makonni.

Ƙwayar da ta fi addabar kafaɗa ita ce mai kawo wa samari ƙurajen fuska, likitoci na ce da ita Cutibacterium acnes. Tana zaune can cikin ramukan gashin fata, a kafaɗa da ƙirji da baya, ta kuwa fi yawa ga maza. Muguntarta sanɗa ce. Sau da yawa ba zazzaɓi, ba mugunya, sai ciwo da sandarewar hannu bayan watanni. Ko a ɗakin gwaji akan jira ta har kwana 14 kafin ta bayyana.

Nasa Na Likita

Likitoci da dama kan sa a shafa wa fatar maganin ƙuraje, watau benzoyl peroxide, kwana biyu ko uku kafin aiki. Akan yi allurar kashe ƙwayoyi cikin awa ɗaya kafin yanka, a kuma turara kayan aiki da zafi. Da haka, kamar mutum 1 ko 2 cikin 100 ne kaɗai ke kamuwa.

Namu Na Gida

1. Wanda aka sa wa ranar aiki, kada a yi masa tsaga ko ƙaho ko sakiya a kafaɗa. Fata ita ce ganuwar jiki, kowace tsaga kuwa ƙofa ce.

2. Kada a yi masa allura cikin gaɓar. In an yi cikin wata uku da suka wuce, lalle ya gaya wa likita.

3. Mai ciwon sukari ya daidaita shi tukuna, mai shan taba ya bari, mai maruru ko ruɓaɓɓen haƙori ya warkar da shi.

4. Kada ya aske hammata da reza kafin aiki.

5. Bayan sallama, kada a kwance ɗaurin a gida, kada a barbaɗa toka ko garin kafso a kan rauni, kada ruwan tafki ya taɓa shi.

6. In raunin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana tsattsafar da ruwa, ko ciwo ya dawo bayan sauƙi, a koma asibiti nan da nan. Kada a fara shan kafso, domin yana ɓoye ƙwayar ga masu gwaji.

Aikin Malamin Hakimi

Malam ya rubuta sunan majiyyaci a littafi, da ranar aikinsa, da ranar komawarsa, sa'an nan ya aika wa mai unguwa ya tuna masa. Hakimi kuwa ya tara maɗora da wanzamai, ya roƙe su duk karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda harsashi ya yi, su tura ta asibiti ran nan. Hannun manomi guda abincin gida guda ne. Tun ran gini, tun ran zane.