Makullin gulbinmu yana Jibiya

Aikina awon ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Duk wata nakan bi rijiyoyin fadama daga wajen Madarumfa har Tibiri, in zura igiyar awo, in rubuta inda ruwa ya tsaya. Kwanan baya wani dattijo a Jiratawa ya tsaya kaina ina awo, ya ce: "Malam, mu da muke shan ruwan foraj, ina ruwanmu da gulbi?" Na ce masa: "Baba, ai gulbin ne ke cika tulun da kuke ɗiba."

Filin noman rani na Jiratawa, hekta 512 da aka gyara a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, ba shi da baraj. Zogalen nan, da albasa da masara da tattasai, duk da ruwan ƙasa suke rayuwa, injuna ne ke jawo shi. Ruwan kuwa ba daga banza yake taruwa ba. Idan gulbi ya kawo da damina ya kwanta a fadama, yashi yakan tsotse shi a hankali ya ajiye. Shekarar da ya daɗe a kwance, igiyata ba ta nisa. Shekarar da ya wuce da gaggawa, tun kafin bazara masu rijiyoyin lambu ke fara ƙara gaba.

To, gulbin nan ba a ƙasarmu yake tasowa ba. Daga Najeriya yake shigowa, can ana kiransa Gada, ya ratsa Maraɗi da Tibiri, ya sake komawa ya faɗa kogin Rima. A kansa aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik miliyan 142, don ban ruwa da ruwan sha. Ban ga laifin mai tare ruwa don mutanensa ba, mu ma da mun samu da mun yi. Amma tsofaffin da suka san gulbin da ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka koma tudu, sun san na yanzu wani ne daban: zuwansa ya danganta da sama, ya kuma danganta da hannun mai buɗe ƙofa. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai, kuma gulbinmu na ciki. Manoma nawa suka taɓa jin ta? Wakilanmu nawa ke tambayar ranar da za a sako ruwa da yawansa?

Sai maganar wuta. Injunan foraj, na gona da na famfon gari, kuran suke ci, kuma babban layinmu daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, daga wutar da madatsu irin su Kainji ke taimakawa wajen samarwa. Da aka yanke ta a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, na ga abin da ido: ruwa na nan a ƙasa, shuka na yaushi a sama. Madatsar Kandaji da ake jira, mai megawat 130, tana can jihar Tilaberi, kuma ko ta kammala ba za ta ƙara wa fadamarmu ɗigo ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyoyin manoma: ku ware rijiya ɗaya a kowane yanki, a auna ta ran ɗaya ga wata, a rubuta a littafi. Igiya mai alama da ɗan ƙarfe a bakinta sun isa. Ku daina ban ruwa da tsakar rana, ku liƙe magudanan da suka tsage. Wanda zai gina sabon foraj ya fara tambayar tazararsa da na maƙwabci. Littafin nan shi za mu ajiye kan tebur ranar da za a zauna da mutanen Jibiya.