Cutar MS da Matsalar Barci: Bayani Domin Marasa Lafiya

Mece ce cutar MS?

MS cuta ce da garkuwar jiki ke kai farmaki ga rufin da ke kāre jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har saƙonni su riƙa tafiya a hankali ko su katse. Ta fi yawa a ƙasashen arewa masu sanyi kamar Aisland da Kanada, amma tana kama baƙar fata ma. Binciken da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1 ke fama da ita a Amurka, kuma mata sun fi yawa.

Me ya sa barci ke da muhimmanci?

Gajiya na cikin alamun MS da suka fi addabar mutane. Sau da yawa akan ɗora laifinta kan cutar, alhali rashin barci ne ke ƙara ta. Matsalar barci kuwa tana da magani idan an gano musabbabinta.

Me ke hana ku barci?

- Tashi yin fitsari sau da yawa cikin dare.
- Ciwo, ko ɗaurewar tsoka a ƙafafu.
- Jin dole sai kun motsa ƙafafu da zarar kun kwanta.
- Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci. Yawanci wanda kuke kwana tare da shi ne zai fara lura.
- Damuwa da baƙin ciki.
- Wasu magunguna, kamar sitirod da ake bayarwa idan cutar ta tashi, da magungunan rage gajiya idan an sha su da yamma.

Me za ku iya yi a gida?

- Ku riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kullum.
- Ku daina shan shayi da kofi da cin goro bayan azahar.
- Ku sha isasshen ruwa da rana, ku rage shi awa 2 kafin kwanciya.
- Ku sanyaya ɗakin kwana. Zafi na tsananta alamun MS, kuma watannin Yuli da Agusta a Alexandria na da zafi da gumi.
- Idan za ku yi barcin rana, kada ya wuce minti 30.

Yaushe za ku ga likita?

Ku rubuta lokacin kwanciyarku, da na tashi, da abin da ke farkar da ku, na tsawon mako 2, ku kawo wa likitanku. Zai iya sauya lokacin shan magani, ko ya duba mafitsara da sinadarin ƙarfe a jini, ko ya tura ku gwajin barci. Idan numfashi ne ke ɗaukewa, na'urar CPAP na taimakawa.

Kada ku daina maganin MS, ko ku sayi maganin barci, ba tare da shawarar likita ba. Kada ku yi tuƙi kuna gyangyaɗi.

Kuna da haƙƙin samun tafinta kyauta. Ku nema lokacin da kuke sa ranar ganin likita. Idan tunanin cutar da kanku ya zo muku, ku kira 988. Domin taimakon gaggawa, ku kira 911.