Darasi na 12: Waya da Intanet a Ƙasar Waje

Kowace shekara dubban mutanenmu na ƙetare iyaka. Wasu Hajji da Umara ke kai su Saudiyya. Wasu saro kaya ke kai su Dubai ko birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Wasu kuma neman magani ke kai su Masar ko Indiya. Da matafiyi ya sauka, babu abin da ke ransa kamar ya sanar da gida cewa ya isa lafiya. A nan ake samun cikas. Ko dai layin ya ƙi aiki, ko kuɗin da ke ciki su ƙare tun ba a gama gaisawa ba.

Maganin wannan shi ne shiri tun daga gida. Hanyoyi huɗu ne matafiyi ke samun intanet a ƙasar waje, kowace da amfaninta da kuma tsadarta.

Hanya ta farko: tafiya da layin gida

Kana iya barin layinka na MTN, Airtel, Glo ko Moov a cikin waya, ka ci gaba da aiki da shi a wata ƙasa. Wannan shi ake kira romin. Kamfaninka ba shi da turakun sabis a Makka ko Dubai, sai ya yi haya a wurin kamfanin can. Kowane cikinsu na cin nasa rabo, shi ya sa romin ke da tsada.

Tsadar ta fi muni idan ba ka sayi ƙunshin data na tafiya ba. Waya ba ta zama haka kawai ko tana cikin aljihu. Tana sauke hotuna da bidiyon da ake turowa zaurukan WhatsApp, tana sabunta manhajoji, duk kuwa daga kuɗinka ake cira. Kamfanonin gida kan fitar da ƙunshi na musamman don matafiya, musamman lokacin aikin Hajji. Ka je ofishinsu kafin ranar tashi ka yi tambaya uku: nawa ne, kwana nawa yake yi, a wace ƙasa yake aiki?

Mazauna bakin iyaka su lura. A garuruwa irin su Illela da Birnin Konni, waya kan kama sabis ɗin ƙasar maƙwabta alhali mutum na zaune a gidansa. Idan ka ga baƙon suna a saman wayarka, ka dakata da kira da data har sai sunan kamfaninka ya dawo.

Hanya ta biyu: sayen layin ƙasar da ka je

Ga wanda zai yi sati biyu ko wata guda, wannan hanya ce ta fi araha a mafi yawan lokuta. A Saudiyya manyan kamfanoni uku ne: STC, Mobily da Zain. Suna da rumfuna a filayen jirgin sama na Jidda da Madina, da kuma shaguna a cikin gari. Za a nemi fasfonka, a ɗauki zanen yatsanka, sannan a yi wa layin rajista da sunanka. A Dubai kuwa Etisalat da du ne ake samu.

Kada ka bar shagon sai an saka layin, an kunna data, ka ga saƙo ya tafi da idonka. Ka tambayi ranar da ƙunshin zai ƙare, ka rubuta ta. Kada ka sayi layi a hannun mai talla a bakin titi, domin wataƙila da sunan wani aka yi masa rajista, ana iya rufe shi kowane lokaci. Haka kuma kada ka yarda a buɗe wa wani layi da fasfonka. Duk abin da aka aikata da layin, kai za a nema.

Hanya ta uku: layin da ba shi da kati

Akwai sabon nau'in layi da ake kira eSIM. Ba a riƙe shi a hannu. Ta intanet ake saye, a sauke shi cikin waya tun kana gida, da ka sauka sai ya kama aiki. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly na sayar da shi. Sai dai ba kowace waya ke karɓarsa ba. Galibin wayoyin iPhone daga samfurin XS na shekarar 2018 zuwa sama suna karɓa, haka ma wasu manyan wayoyin Samsung. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa karɓa. Don ka gane, danna *#06# kamar za ka yi kira. Idan ka ga wata doguwar lamba mai suna EID, wayarka na karɓa. Galibin irin wannan layi data kawai yake bayarwa, babu lambar kira, kuma da katin banki ake biya.

Hanya ta huɗu: waifai

Otal-otal da filayen jirgin sama kan ba da waifai kyauta. Yana da kyau wajen doguwar hira da iyali da tura hotuna. Amma ba ya bin ka waje. Da ka fito daga masauki, shi ke nan. Kuma tunda kowa na hawa kansa, kada ka buɗe manhajar banki ko ka rubuta lambar sirri da shi.

Hira kafin tafiya

Wata dattijuwa ce za ta sauke farali. Daren da za ta tafi sansanin alhazai, ɗanta ya zauna yana gyara mata waya.

"Inna, wayarki mai layi biyu ce. Na gida zai zauna a ɗaya, ɗayan kuma na bar shi don layin Saudiyya."

"To me zan yi da na gidan, tunda ka ce tsada gare shi?"

"Saboda saƙon banki, Inna. Idan za ki taɓa kuɗi, a wannan lambar za su turo miki lambar tabbatarwa. Na dai kashe masa data. Kin ga nan da aka rubuta Data roaming? Kada ki bari kowa ya kunna shi."

"WhatsApp ɗin fa? Kada ƙannenka su neme ni su rasa."

"Yana nan da tsohuwar lambarki, ko da kin saka sabon layi. Kada dai ki bari a sauya miki lambar."

"To madalla. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Inna. Allah ya kai ku lafiya, ya sa karɓaɓɓe ne."

Ba ko'ina kowace manhaja ke aiki ba

Kowace ƙasa da dokarta. A Dubai saƙon rubutu da saƙon murya na tafiya ta WhatsApp, amma an toshe kira ta cikinsa, shi ya sa mazauna can ke amfani da manhajar Botim. A Sin, layin ƙasar ba ya buɗe WhatsApp, Facebook ko Google. 'Yan kasuwar can da WeChat suke hulɗa. Saboda haka ɗan kasuwar da ke son WhatsApp ɗinsa ya yi aiki a Guangzhou, romin ko eSIM ya fi masa. A Madina kuma, ta manhajar Nusuk ake neman izinin shiga Rauda. Duk manhajar da za ka buƙata, ka sauke ta tun a gida, ka sa iyalinka ma su sauke.

A Mina da Arfa jama'a kan yi yawa har sabis ya yi nauyi. A irin wannan lokaci gajeren saƙo ya fi kira saurin isa. Ka kuma rubuta sunan masaukinka da lambar jagoranku a takarda, ka sa a jakar wuya, don ko caji ya ƙare.

Data nawa za ta ishe ka?

Da megabait da gigabait ake auna data, kamar yadda ake auna hatsi da mudu da buhu. Gigabait 1 ya kai kimanin megabait 1000. Saƙon rubutu ɗan kaɗan yake ci. Kiran murya na cin ƙasa da megabait 1 a minti. Kiran bidiyo na cin kimanin megabait 5 a minti. Wanda ke kiran bidiyo na minti 10 kullum zai ci megabait 50 a rana. A kwana 30 ya ci megabait 1500, wato gigabait ɗaya da rabi. Kallon bidiyo a TikTok da YouTube shi ne ke cinye data da gaggawa, gara a bar shi sai an samu waifai.

Wace hanya za ka zaɓa?

Tafiyar kwana biyu ko uku: ƙunshin romin ya wadatar. Zaman sati biyu zuwa sama: sayi layin ƙasar. Mai waya ta zamani da zai ratsa ƙasashe da yawa: eSIM. Idan layin ƙasar ko eSIM ka zaɓa, bar layin gida a waya da datarsa a kashe. Idan za ka kira gida, fara da lambar ƙasa: +234 Najeriya, +227 Nijar, +233 Ghana, sannan ka cire sifirin farko idan lambar na da shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa romin ke da tsada?
2. Waɗanne abubuwa biyu ake nema kafin a sayar da layi a Saudiyya?
3. Me ya sa ba a son buɗe manhajar banki da waifai na otal?
4. Idan kana kiran bidiyo na minti 20 kullum, megabait nawa za ka ci a kwana 10?

Aiki

Ɗauki wayarka ka danna *#06#, ka karanta abin da ya fito. Sannan ka rubuta lambar wani ɗan'uwanka yadda za ka kira ta daga ƙasar waje.