Zakin teku na tsibiran Galapagos

Tsibiran Galapagos suna cikin tekun Pasifik, wajen kilometir 1000 yamma da ƙasar Ekwator. A can wata dabba take zaune da ake kira zakin teku. Ko da yake yana iyo kamar kifi, ba kifi ba ne. Yana shaƙar iska, yana da gashi da ƙananan kunnuwa, macen kuma tana ba da nono. Ƙafafunsa huɗu masu faɗi ne: da su yake iyo, da su yake tafiya bisa tudu.

Zakunan teku garke-garke suke zama a bakin ruwa. Namiji babba yakan kai kilo 250, mace kuwa ba ta kai rabinsa. Kowane ƙaƙƙarfan namiji yana kama yankinsa na gaɓa, inda mata ke hutawa. Yana kai da kawowa cikin ruwa, yana haushi kamar kare, don kada wani namiji ya matso. Wannan tsaro yana hana shi cin abinci sosai. Bayan ƴan makwanni sai ya rame, wani ya zo ya kore shi. Wanda aka kora yakan koma garken gwauraye, ya ci, ya huta.

Mace ɗa guda take haihuwa. Takan yi kamar mako guda tana tare da shi, har ta san warinsa da muryarsa. Daga nan ta koma teku farautar kifi, musamman sardin. Ƴaƴan da aka bari suna taruwa inda ruwa ba zurfi, suna wasa, suna koyon iyo. In uwa ta dawo sai ta yi kira, ɗanta ya amsa. Ta sansana shi kafin ta ba shi nono. Ɗan wata kuwa, korarsa take yi.

Wasu shekaru ruwan teku yana ɗumama, kifi ya yi ƙaranci. Ana ce wa wannan hali El Ninyo. Haka ya faru a 1982-1983 da 1997-1998: uwaye suka rasa abinci, nono ya ƙafe, ƴaƴa masu yawa suka mutu. Tarun masunta da cututtukan karnuka su ma suna yi masu lahani. A 1998 Ekwator ta mai da ruwan tsibiran wurin da doka ta tsare. A 2008 aka sa zakin teku na Galapagos cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Kalmomi
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ko ta ina.
Gaɓa: bakin ruwa.

Tambayoyi
1. Me ya nuna zakin teku ba kifi ba ne?
2. Don me namiji ba ya daɗewa a yankinsa?
3. Yaya uwa take gane ɗanta?
4. In uwa ta mutu, me zai sami ɗanta? Don me?