Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Shan Giya Ke Zama Ciwo?

Wata mai sauraronmu daga Jos tana tambayar yadda za ta gane ko giya ta kama ƙanenta.

Baiwar Allah, ki lura da kyau. In abin da ke bugar da shi a da yanzu ba ya isarsa, yana ɓoye kwalba, ya sha alkawarin bari yana komawa, to ta kama shi. Mafi tsanani ita ce rawar hannu da gumi da safe, sai ya kurɓa su lafa. A wannan mataki kada ya daina farat ɗaya a gida, domin cikin kwana 3 na farko jijjiga ko ruɗewa na iya halaka shi. Likita ya kamata ya kula da shi. Idan idanunsa suka yi rawaya ko ya yi aman jini, ku garzaya asibiti nan take.