Ciwon Baya Mai Taɓa Fitsari Ba Ya Jiran Gobe

Wane manomi ne bai san ciwon baya ba? Mai noman hatsi ya san shi, mai dashen albasa ya san shi, mace mai daka da jan guga ta fi kowa saninsa. Galibi gajiya ce, bayan kwana kaɗan sai ya wuce. Amma akwai wani iri dabam. Ba shi da yawa, sai dai yana iya zaunar da mutum har ƙarshen ransa.

Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya ga wani farin abu mai taushi cikin ƙashin baya. Wannan ita ce laka. Ita ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. A babban mutum tsawonta wajen santimita 45 ne, kuma tana tsayawa ƙasa kaɗan da haƙarƙari na ƙarshe. Daga nan jijiyoyi ke sauka a haɗe kamar wutsiyar doki, haka ma likitoci suke kiransu. Su ke motsa ƙafafu. Su ke riƙe fitsari da bayan gida. Su ke ba namiji ƙarfinsa. In wani abu ya danne su, waɗannan ayyuka sai su fara tsayawa.

Me ke danne su? Tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi mai kama da gammo. Wani lokaci yakan tsage ya zamo, ko wajen ɗaga buhu. Faɗuwa ma tana kawo haka: daga bisa icce, daga amalanke, daga kabu-kabu. Tarin fuka kuma ba huhu kaɗai yake ci ba. Yakan ci ƙashin baya a hankali, mutum yana ramewa, yana gumi da dare, har doro ya fito. Maganinsa kyauta ne a Nijar, amma sai an yi watanni da yawa ana sha ba fashi.

Akwai kuma tsargiya, wadda ta shafe mu ƙwarai, mu da ke kusa da fadamar Maggiya da gonakin ban ruwa na Birnin Ƙonni. Ƙwayar cutar tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. Mun saba ganin yaro yana fitsarin jini mu ce balaga ce. Wannan kuskure ne. Jefi-jefi ƙwan tsutsar yakan kai ƙarshen laka ya kumbura ta, ƙafafu su mutu cikin ƴan kwanaki. Tun 2004 ƙasarmu ta fara rabon maganin tsargiya a makarantu. In an kawo shi, kada a hana yara sha.

Alamun da za a kiyaye su ne waɗannan. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba mutum bai sani ba. Bayan gida yana kuɓucewa. Wurin da ke taɓa sirdi in an hau doki ya mutu, har mutum ba ya jin ruwa in yana tsarki. Ƙafafu su yi nauyi, ko zafi ya sauka ta duka biyun. Ko ɗaya ta haɗu da ciwon baya, a tafi asibiti a ranar. In abin na fiɗa ne, likitoci suna son yi cikin kwana 1 ko 2, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba.

Kunya ce ke cinye waɗannan kwanaki. A wani ajin yaƙi da jahilci na karkarar Bazaga na taɓa tambayar wani magidanci da ya daina zuwa, aka ce baya ne. Ashe mako biyu ya yi yana jiƙa tabarma, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa. An yi masa ƙaho, an yi tausa. Ban raina wanzami ba, shi ya yi mini aski jiya, amma ƙaho ba ya kaiwa cikin ƙashi. Yau da sanda biyu mutumin yake tafiya.

A fara da asibitin da ya fi kusa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya maganar fitsari tun da farko, da baki ƙarara. Shi zai tura maras lafiya gaba: Ƙonni, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ko Tawa, ko Yamai inda ake fiɗar ƙashin baya.

Wanda ya faɗi kuwa, kada a zaunar da shi, kada a goya shi bisa babur. A ciro ƙyauren ɗaki, mutum huɗu su ɗaga shi a miƙe lokaci guda, ɗaya yana riƙe da kai. A ɗaure shi da zane bisa ƙyauren, sannan a nemi mota.