Yaya Ake Zuwa Garin Lamu Ta Jirgin Sama?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin gaskiya ne sai a ƙaramin jirgi ake sauka Lamu, garin da ke gaɓar tekun Kenya?

To Malam, akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ƙananan jirage kaɗai ke sauka can ba. Daga filin jirgin Wilson da ke Nairobi ƙananan jirage ke tashi, wasunsu samfurin Cessna Caravan, masu farfela ɗaya da kujeru kamar 12. Tafiyar ba ta kai awa 2 ba. Tun da jirgin ba ya lulawa sama sosai, za ka hangi daji da koguna ƙuru-ƙuru, sai kuma shuɗin Tekun Indiya. In iska ta ɗan jijjiga ku, kada hankalinka ya tashi. Ka rage kaya, domin ana auna su tsaf.

Filin saukar yana tsibirin Manda. Kana fitowa zafi mai ɗanshi zai lulluɓe ka, daga nan kwale-kwale ya tsallakar da kai zuwa garin Lamu cikin mintuna kaɗan. Lungunan garin sun yi wa mota ƙunci, jakuna ke dako. A 2001 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. In da hali, ka je lokacin Maulidi a masallacin Riyadha. Allah ya kai ka lafiya.